AWON JINI YA YI ARAHA, GANIN BABBAN LIKITA YA YI WUYA

A 'yan shekarun nan awon jini ya zama ruwan dare a ƙasar nan. Aikin da a zamanin da sai an je babban asibiti ake samu, yau ana yin sa a ƙananan ɗakunan awo na bakin titi, da kantunan magani, har da harabar masallaci ko makaranta idan wata ƙungiya ta fito aikin taimakon jama'a. A soki ɗan yatsa, a ɗiga jini a kan wani ɗan tsinke, kafin a yi minti ashirin an miƙo wa mutum takarda. Babu mai musun cewa wannan ci gaba ne. Amma fa an gina farkon hanya an bar tsakiyarta, domin kuwa daga hannun mai awo zuwa gaban likitan da zai fassara takardar ya yanke shawara a kanta akwai tafiya, kuma a cikin wannan tafiyar ne mutane da yawa suke ɓacewa.

Babu inda maganar nan ta fi fitowa fili kamar a kan ciwon hanta, kuma Jihar Nasarawa ta isa misali. Garin Keffi yana da babban asibitin Gwamnatin Tarayya, yana da asibitin jiha, sa'an nan tsakaninsa da Abuja kimanin kilomita 50 ne kawai. Mutumin unguwar Gangaren Tudu ba ya bukatar shiga motar tasha kafin ya isa ƙofar ƙwararren likita. Duk da haka, wanda bai san matakalar da ake hawa ba, ko da asibitin yana bayan gidansa, sai ya yi ta yawo da takarda a aljihu har ta yage. To, in haka ne ga na gida, ina ga ɗan'uwansa da ke neman abinci a Agege, ko Mile 12, ko Sabon Badun, ko Fatakwal, wanda aka yi wa awo a Kudu alhali iyalinsa suna Arewa?

GIRMAN AL'AMARIN

A cikin 2018 Gwamnatin Tarayya ta gudanar da wani babban bincike gida-gida a dukan jihohi. Asalinsa don a san yawan masu ɗauke da cutar ƙanjamau ne, amma aka haɗa da awon ciwon hanta. Sakamakon ya nuna cewa kashi 8.1 cikin 100 na mutanen da ke tsakanin shekara 15 da 64 suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, kashi 1.1 kuma suna ɗauke da nau'in C. Watau idan manya goma sha biyu suka zauna a zaure ɗaya, ana sa ran ɗaya daga cikinsu yana da nau'in B a jininsa, kuma galibi shi kansa bai sani ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahoton da ta fitar cikin 2024, ta ce a shekarar 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da nau'in B a duniya, miliyan 50 kuma nau'in C, sa'an nan cututtukan hanta irin waɗannan sun kashe mutum miliyan 1.3 a shekarar kaɗai. Abin da ya fi tayar da hankali a rahoton shi ne, kashi 13 cikin 100 kaɗai na masu nau'in B aka gano ta hanyar awo, waɗanda suka samu magani kuwa ba su wuce kashi 3 ba. Ko da yake ba kowane mai ɗauke da ƙwayar ne yake bukatar magani nan take ba, tazarar da ke tsakanin lissafin biyu ta nuna yadda jama'a ke zubewa a hanya bayan an gaya musu sakamako.

Yawan masu samun irin wannan takarda kuma ƙaruwa zai yi. Ana auna mai ba da gudummawar jini, ana auna mai juna biyu a wajen awon ciki, wasu ma'aikatu suna auna mai neman aiki. A watan Mayu na 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf na Jihar Kano ya sa hannu a dokar da ta wajabta awon jini kafin aure, wadda ta haɗa da ciwon hanta nau'in B da C, da ƙanjamau, da sikila. Ke nan saurayin da ya tara kuɗin aure a Ikko zai iya dawowa gida da murna, ana sauran mako biyu ɗaurin aure a miƙo masa takardar da ba ta taɓa zuwa masa a rai ba.

ABIN DA TAKARDAR KE CEWA

Awon farko da ake yi wa nau'in B shi ne wanda ake rubutawa da haruffan HBsAg. Tsofaffin ma'aikatan asibiti har yanzu sukan kira shi awon Ostareliya, saboda wani masani ɗan Amurka mai suna Baruch Blumberg ya fara gano alamar ne a cikin shekarun 1960 a jinin wani ɗan asalin ƙasar Ostareliya. Aikin nan ya sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1976, kuma ranar haihuwarsa, 28 ga Yuli, ita ce aka mayar Ranar Ciwon Hanta ta Duniya.

Idan awon nan ya nuna an samu, ma'anarsa ƙwayar cutar tana cikin jini. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai faɗi ko sabon kamu ba ne ko tsoho, bai faɗi yawan ƙwayar ba, bai kuma faɗi halin da hanta take ciki ba. Babban mutum idan ya kamu, mafi yawan lokaci jikinsa kan kori ƙwayar da kansa cikin 'yan watanni, kuma ƙasa da kashi 5 cikin 100 ne take zama musu. Jariri kuwa idan ya kamu a wajen haihuwa, wajen kashi 90 cikin 100 takan zauna musu har girma. Shi ya sa akasarin masu ɗauke da ita a Afirka tun suna ƙanana suka samu, ko daga uwa ko daga cuɗanyar yara. Wannan kaɗai ya isa ya hana miji zargin mata, ko mata zargin miji.

Saboda haka akwai awo na biyu da ya kamata ya biyo baya. Akwai awon aikin hanta, wanda ake rubutawa da ALT da AST, mai nuna ko hanta tana kumburi. Akwai ƙidayar ƙwayoyin jini, musamman ƙananan nan masu tsayar da zubar jini, domin sukan ragu idan hanta ta soma tauri. Akwai awon yawan ƙwayar cutar a cikin jini, wanda shi ne ya fi tsada. Akwai hoton ciki da ake kira sikanin. Har wa yau dole a auna ƙanjamau da lafiyar ƙoda kafin a soma magani, saboda maganin nau'in B da aka fi bayarwa, watau tenofovir, yana cikin magungunan ƙanjamau, kuma ta ƙoda yake fita daga jiki.

Nau'in C kuwa nasa lissafin daban ne. Awon tsinke ba ya ganin ƙwayar kanta, sawunta yake gani, watau alamar cewa jiki ya taɓa yaƙi da ita. Wajen mutum uku cikin goma jikinsu kan kori ƙwayar ba tare da magani ba, amma sawun yana nan har abada. Sai an yi awon tabbatarwa kafin a san ko tana nan. Wanda aka sayar wa magani bisa awon tsinke kawai, mai yiwuwa ne an sayar masa da maganin cutar da ba ya ɗauke da ita.

Haka abin yake ga sauran awon jini. Sukari da ya hau sau ɗaya, ko lambar ƙoda da ta wuce ƙa'ida, ko ƙarancin jini, duka alamu ne da ke bukatar a maimaita awo, a haɗa da tarihin mara lafiya, likita ya duba shi da idonsa. Takardar awo tambaya ce take yi, likita ne mai amsawa.

MATAKALA UKU

Tsarin kiwon lafiya na ƙasar nan, kamar yadda aka shimfiɗa shi a manufar lafiya ta 1988 zamanin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yana minista, hawa uku ne. Ƙananan asibitocin unguwa suna hannun ƙananan hukumomi, manyan asibitocin gari suna hannun jihohi, asibitocin koyarwa da cibiyoyin tarayya kuma suna hannun Gwamnatin Tarayya. Abin da aka nufa shi ne mara lafiya ya fara daga ƙasa, in abin ya fi ƙarfinsu su rubuta masa takardar turawa zuwa sama, in na sama sun gama su rubuto amsa su mayar da shi inda ya fito domin a ci gaba da lura da shi.

A bisa wannan tsari, mutumin Gangaren Tudu da aka ba takardar awo zai fara ne da likitan da ya fi kusa da shi, a asibitin jiha ko wani asibiti mai rajista. Likitan zai yi masa tambayoyi, ya duba idonsa da cikinsa, ya rubuta awo na biyu. In ya ga dalili sai ya tura shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Keffi, wadda aka kafa a shekarar 2000, ko babban asibitin garin Lafiya. Daga nan akwai Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, da asibitin koyarwa na Gwagwalada, da na Jos. Wanda yake Kudu kuwa, akwai asibitin koyarwa na Idi-Araba da na Ikeja a Ikko, da na Badun, da na Ile-Ife, da na Binin, da na Inugu, da na Fatakwal.

Ya kamata mai karatu ya san yadda irin waɗannan manyan asibitoci suke aiki, don kada ya yi fushi ya juya tun daga ƙofa. Ba a shiga kai tsaye a ce ana son ganin likitan hanta. Sai an yanki kati, a ga likitan sashen marasa lafiya na yau da kullum, shi ne zai tura mutum sashen cututtukan ciki da hanta. Sashen nan kuma yana da ranakun da yake zama a mako, ana ba da rana ne, wani lokaci ranar takan yi nisa. Wanda ya zo da takardar turawa mai cikakken bayani, da sakamakon awo na biyu a hannunsa, ya rage wa kansa zuwa ɗaya ko biyu. Takarda ta ƙwarai takan ƙunshi sunan mara lafiya da shekarunsa, da abin da aka gani, da ranar kowane awo, da magungunan da yake sha, da dalilin turawa, da sa hannun likita da hatimin asibiti.

Akwai kuma halin da ba a jiran rana. Idan ido ya yi rawaya irin na shawara, ko ciki ya kumbura da ruwa, ko ƙafafu suka kumbura, ko mutum ya yi aman jini, ko bayan gida ya yi baƙi ƙirin, ko hankali ya soma gushewa, to sashen gaggawa za a nufa ko da tsakar dare ne. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa kowane asibiti ƙin karɓar mai bukatar taimakon gaggawa.

INDA HANYA TA KARYE

Wuri na farko shi ne ɗakin awo. Mai awo aikinsa ya auna ya rubuta, doka ba ta ba shi ikon rubuta magani ba. Sau da yawa mutum kan shiga ɗakin awo da kansa ba tare da likita ya aiko shi ba, a miƙo masa takarda, ya fito babu wanda zai koma wa. Daga nan sai kemis, ko mai maganin gargajiya da ke shela da lasifika a tasha, yana cewa cikin mako kaɗan zai wanke hanta tas. Gaskiyar magana ita ce har yau babu maganin da ke kawar da nau'in B daga jiki ɗungurungum. Abin da ake da shi magani ne mai danne ƙwayar ya hana ta lalata hanta. Sa'an nan duk abin da mutum ya sha ta hanta da ƙoda yake bi, don haka jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba suna iya ƙara wa hantar da ta riga ta gaji wahala.

Na biyu shi ne kuɗi. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun marasa lafiya yake fitowa. Awon tsinke mai araha ne, wani lokaci ma kyauta ake yi, amma awon yawan ƙwayar cuta ya ninka shi sau da yawa, kuma nan ne mai ƙaramin ƙarfi yake tsayawa. Dokar inshorar lafiya da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Mayu na 2022 ta ce kowa ya shiga inshora, jihohi kuma sun kafa hukumominsu, har da Nasarawa. Amma mai sayar da albasa, da mai tura baro, da ɗan acaɓa, da mai gadi, waɗanda babu takardar albashi da za a cire musu kuɗi daga ciki, mafi yawansu har yanzu suna waje.

Na uku shi ne ƙarancin likitoci. A cikin 2024 Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya bayyana cewa likitoci tsakanin 15,000 da 16,000 suka bar ƙasar cikin shekaru biyar. Waɗanda suka rage kuma sun fi taruwa a Ikko da Abuja. Likitan hanta sai ya yi shekaru yana ƙarin karatu bayan zamansa likita kafin ya ƙware, kuma ko kafin a soma ficewa ba su da yawa. Keffi kuwa tana kan babbar hanyar Abuja zuwa Akwanga, ga jama'ar Mararraba da Masaka da suka cika suka tumbatsa saboda tsadar haya a Abuja, ga ɗaliban jami'ar jiha. Duk wannan nauyi ne a kan asibitocin garin.

Na huɗu shi ne kunya da tsoro. Akwai wanda aka ware wa kwano a gida, akwai wanda aka fasa aurensa, akwai wanda ya ɓoye takarda don kada maigidansa ya sallame shi. Alhali kuwa nau'in B da C ba a ɗaukar su ta cin abinci tare, ko musafaha, ko zama ɗaki ɗaya, ko sahun salla. Ta jini ake ɗauka, da saduwa, da haihuwa, da allura ko aska ko reza da aka yi wa wani amfani da ita ba a tsabtace ba. Wanzamai da masu yankan farce, waɗanda da yawansu 'yan Arewa ne a biranen Kudu, su ya kamata su fi kowa kiyaye wannan, don kare kansu da masu zuwa wurinsu. Aure ma ba dole ne ya mutu ba, domin idan aka auna ɗaya ɓangaren aka ga ba shi da ita, allurar rigakafi sau uku cikin wata shida tana kare shi.

MAI GIDA BIYU

Ɗan Arewa mazaunin Kudu yana da wata matsala ta daban, watau rabuwar ƙafa. An yi masa awo a Ikko, ya ce bari sai ya je gida da salla ya ga likita da harshensa, a gaban 'yan'uwansa. Ya isa Keffi, ya yanki kati, aka rubuta masa awo, aka ba shi rana bayan mako shida, shi kuwa hutunsa mako biyu ne. Ya koma bakin sana'a, fayil ya zauna a Keffi, shi yana Apapa. Badi kuma a sake sabon lale.

Ciwon hanta nau'in B ba ya son irin wannan zirga-zirga. Wanda ba a ɗora a kan magani ba ana so a riƙa duba shi aƙalla sau ɗaya a shekara, domin ƙwayar da ta yi shiru shekara goma tana iya tashi. Wanda hantarsa ta yi tauri, ko aka taɓa samun sankarar hanta a danginsa, ana so a yi masa hoton ciki duk wata shida. Wanda aka ɗora a kan magani kuwa ƙwaya ɗaya ce kullum, sau da yawa har iyakar rai, kuma yanke ta kwatsam yana iya sa cutar ta taso da ƙarfin da ya fi na farko.

Saboda haka dabara ita ce mutum ya zaɓi asibiti ɗaya a garin da ya fi daɗewa a cikin shekara, ya riƙe shi. In wata goma yake yi a Kudu, to a Kudu ya kamata fayil ɗinsa ya zauna. Ya ajiye kowace takardar awo a jaka ɗaya bisa jerin kwanan wata, ya ɗauki hotonta da waya. In zai yi doguwar tafiya ya nemi likita ya rubuta masa taƙaitaccen bayani, ya kuma tanadi maganin da zai ishe shi. In Turanci ko Yarbanci zai ba shi wahala, ya tafi da wanda ya amince da shi ya yi masa tafinta. Matambayi ba ya ɓata, kuma tambayoyi huɗu sun wadatar: wane nau'i ne, yaya hantar take, ana bukatar magani yanzu ko jira za a yi, kuma yaushe za a dawo.

Iyalin da aka bari a gida su ma suna da haƙƙi. A auna mata da 'ya'ya da 'yan'uwan da aka fito ciki ɗaya, wanda ba shi da ita a yi masa rigakafi. Tun 2004 allurar nau'in B take cikin rigakafin yara na ƙasar nan, amma ta farko ana so a yi ta ne cikin awa 24 da haihuwa, kuma nan ne haihuwar gida take jawo hasara. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce kashi 18 cikin 100 kaɗai na jariran yankin Afirka suke samun wannan allura ta ranar haihuwa. Magidancin da ke aiko da kuɗin suna daga Kudu, ya haɗa da umurnin a kai jariri asibiti ran da aka haife shi. Kazalika a kula da rumbu, domin gyaɗa da masarar da suka yi funfuna suna ɗauke da wata guba da ke haɗuwa da ƙwayar nau'in B su ninka haɗarin sankarar hanta. Giya kuwa ba a ma maganarta.

DARASIN NASARAWA DA MASAR

A cikin 2020 Gwamna Abdullahi Sule ya ƙaddamar da shirin shekara biyar na kawar da ciwon hanta nau'in C daga Jihar Nasarawa, tare da taimakon ƙungiyar lafiya ta Clinton da ake kira CHAI, bayan awon da aka yi ya nuna cutar ta fi yawa a jihar nesa ba kusa ba in aka kwatanta da lissafin ƙasa baki ɗaya. Jigon shirin shi ne a sauko da awo da magani zuwa asibitocin da ke kusa da jama'a, a horar da likitoci da ma'aikatan jinya na yau da kullum, maimakon kowa ya yi layi a ƙofar ƙwararre ɗaya.

Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne canjin da aka samu a magani. Nau'in C yanzu ana warkewa daga gare shi sarai. Ƙwayoyin da ake sha na mako goma sha biyu suna warkar da fiye da kashi 95 cikin 100. Lokacin da maganin sofosbuvir ya fito a Amurka cikin 2013, dala 84,000 ake sayar da na mutum ɗaya. A cikin 2023 aka ƙulla yarjejeniya da kamfanonin Viatris da Hetero cewa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi za su samu cikakken maganin mako goma sha biyu a kan dala 60, tenofovir na wata guda kuma a kan dala 2.40. Wannan farashin saye da yawa ne na gwamnatoci, kafin kuɗin dako da ribar 'yan kasuwa, amma ya nuna cewa tsadar da talaka ke gani a kanti ba daga masana'anta take ba.

Ƙasar Masar ta riga ta nuna abin da za a iya yi. Tana cikin ƙasashen da nau'in C ya fi yi wa katutu a duniya, amma a 2018 da 2019 ta auna mutum wajen miliyan 50, kuma duk wanda aka samu da alama nan take ake ba shi rana a cibiyar da za a tabbatar a ba shi magani kyauta. A watan Oktoba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ta shaidar zama ƙasa ta farko da ta kai matakin zinariya a hanyar kawar da cutar. Sirrin Masar shi ne ba ta saki hannun mutum ba bayan ta miƙa masa takarda.

Nau'in B ma an sauƙaƙa ƙa'idarsa. A watan Maris na 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sabon jagora wanda ya faɗaɗa waɗanda suka cancanci magani. Ya haɗa da wanda lissafin AST da ƙwayoyin jininsa ya nuna hanta ta soma tabo, da wanda ƙwayar cutar ta haura 2,000 a ma'auni tare da hawan ALT, da mai ƙanjamau ko nau'in C ko ciwon sukari, da wanda aka taɓa yin sankarar hanta a danginsa. Inda babu halin awon yawan ƙwayar, hawan ALT da ya ƙi sauka ya wadatar a soma magani. Ma'anar wannan ita ce likitan asibitin jiha da aka horar zai iya riƙe mafi yawan marasa lafiya da awo mai sauƙin kuɗi, a bar wa ƙwararre masu taurin hanta, da masu ciwon ƙoda, da waɗanda ake zargin sankara.

ABIN DA YA RAGE

Ga gwamnatocin jihohi, abu na farko shi ne kada a yarda wata ƙungiya ko ɗakin awo su yi wa jama'a awo sai sun nuna asibitin da za su tura wanda aka samu. Jihar da ta wajabta awo kafin aure, wajibi ne ta tanadi mai ba da shawara da allurar rigakafi a wurin da ake awon, in ba haka ba dokar za ta zama hanyar raba aure da sayen takardar jabu. Na'urorin GeneXpert da aka rarraba wa asibitoci don awon tarin fuka suna iya auna yawan ƙwayar nau'in B da C in an sayo musu kayan aikin. Hukumomin inshora kuma su sa awo na biyu da tenofovir cikin abin da suke biya, su kuma yarda katin da aka yanka a wata jiha ya yi aiki a wata.

Ga shugabannin 'yan Arewa a Kudu, watau sarakunan Hausawa, da limamai, da shugabannin kara da na kasuwannin kayan gwari, da ƙungiyoyin direbobi, akwai aikin da ba sai an jira gwamnati ba. Kamar yadda ake tara kuɗi a kai gawa gida, haka za a iya tarawa a biya wa mai rai kuɗin awo na biyu. Za a iya wakilta mutum biyu ko uku masu ilmi a kowace unguwa, waɗanda suka san ƙofofin babban asibitin da ke kusa da ranakun zaman kowane sashe, su riƙa raka marasa lafiya tare da riƙe musu sirri.

A cikin 2016 ƙasashen duniya, har da Nijeriya, suka ɗauki alkawarin rage sababbin kamuwa da ciwon hanta da kashi 90 cikin 100, mace-mace kuma da kashi 65, kafin 2030. Lokacin ya ƙarato. Hanta kuwa ba ta kuka da wuri, takan yi shekara ashirin ko talatin tana lalacewa mai ita yana ɗaukar buhu yana cin tuwonsa lafiya lau, sai ran da ciki ya kumbura a ce sammu ne. Wanda awo ya tona masa ita tun yana da ƙarfinsa, an ba shi sa'ar da dubbai ba su samu ba. Abin da ya rage masa shi ne ya ɗauki takardar ya kai wa likita a cikin makon nan, kada ya bari sai salla. Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya kuma sa mahukunta su gyara hanyar.